Fiffiken Dama

Litinin, 3 ga Maris

Hannuna ya sake yi yau. Ina riƙe da allura a kan fiffiken tsohon kifin nan da ke cikin dutse, sai babban yatsa ya kama rawa shi kaɗai. Na ajiye allurar, na yi kamar ina goge tabarau. Dogo, abokin aikina, yana teburinsa yana manna haƙoran wata dabba, bai ɗago ba.

Shekara ashirin da shida ina wannan aikin a ɗakin bayan gidan tarihi: a kawo dutse, in bi shi da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in fito da abin da ya kwanta a ciki. Ban taɓa fasa ƙashi ba. Ko ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Farfesa, shugaban sashenmu, ya leƙo da baƙi biyu. Ya sake yi musu karatun da na haddace: kifin nan ya kwanta a laka shekara miliyan ɗari uku da wani abu, masu fasa dutse suka tsinto shi. Ya nuna musu fiffiken dama. Ga ƙashi ɗaya mai kauri kamar na damtse, ga biyu a gabansa kamar na hannun mutum. Ya ce irin waɗannan kifaye ne suka fara dogara jiki a ruwa marar zurfi, kuma daga zuriyarsu aka samu masu tafiya a tudu. Abin da ya rage a sani shi ne ko akwai ƙananan ƙasusuwa a ƙarshen fiffiken, irin na wuyan hannu. Wurin bai fi faɗin farce ba, yana ƙarƙashin dutse har yanzu.

Ya ce musu, "Ba wanda zai taɓa wurin nan sai Hajiya. Hannunta ya fi inji."

Na ɓoye hannun a aljihun rigar aiki ina murmushi.

Talata, 11 ga Maris

Na daina shan shayi da safe, wai ko shi ne. Ba shi ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ta zo. Ina zuba mata ruwa, kofin yana ta kaɗawa a kan faranti. Ta dube ni, ta dubi kofin.

"Tun yaushe?"

Na ce gajiya ce.

"Gajiyar gidanku. Haka Baba ya fara, kin sani sarai."

Na sani. Ni ce nake ɗaura masa maɓallin riga a shekarunsa na ƙarshe.

Da za ta tafi ta so ta ba ni dariya, ta ce kifin nan nawa mai hannu ko ya fara gaisawa da mutane? Na yi dariyar don ta samu ta tafi.

Laraba, 19 ga Maris

Na yi ɓarna.

Ina cire dutse a gefen ƙashi na biyu, ƙwaya ƙwaya, komai lafiya. Sai hannun ya zabura. Allurar ta shiga. Na ji ƙarar a haƙorana. Wani ɗan ɓangare ya ɓalle, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya faɗi a kan tire.

Na zauna ina kallonsa. Abin da ya tsira daga ambaliya da nauyin duwatsu da guduman masu fasa dutse, ni ce na karya shi ranar Laraba da hantsi.

Na ɗauko gam. Sau uku ina ɗaukar ɓangaren da ɗan matsi ina kai shi wurinsa, hannun yana kauce mini. Dogo ya taso ya tsaya a bayana. Ya karɓi ɗan matsin daga hannuna, ya manna ɓangaren cikin minti biyu. Da ya gama ya ce, "Hajiya, ban ga komai ba. Amma ki je asibiti."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 21 ga Maris

Likita ya sa na miƙa hannu, na taɓa hanci, na zana da'ira, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Da'irar ta fito kamar bakin zarto. Ya ce magani zai rage, ba zai kawar ba. Na tambaye shi aikin allura fa? Ya tambayi girman abin da nake gogewa. Na nuna masa da farce. Ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Baban yara ya yi ta magana a mota, wai Allah bai saukar da cuta ba sai da magani, wai dama lokacin hutuna ya yi. Gaskiya yake faɗa. Na roƙe shi ya yi shiru.

Litinin, 24 ga Maris

Na gaya wa Farfesa, har da ƙashin da na karya. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce teburina nawa ne har ranar da na gaji. Bai ce kifin nawa ba ne.

Da rana aka ɗauke shi zuwa teburin Dogo. Taku huɗu ne tsakaninmu. Shekara biyu ina tare da kifin nan, na san kowane ɓawo a jikinsa.

An ba ni rubuta lambobi a kan akwatuna. Rubutun ma ya ƙanƙance.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ina jin allurar Dogo daga inda nake. Yana da sauri, yana dannawa da yawa. Na cije leɓe har ya yi jini. Ba zan ce masa komai ba. Wanda ya karya ba shi da bakin koyarwa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Maganin yana sa ni jiri. Ban yi komai ba yau.

Talata, 15 ga Afrilu

Dogo ya tsaya cik da safe, ya ce ya kasa bambanta dutse da ƙashi a ƙarshen fiffiken, duk launinsu ɗaya. Ya haɗa madubin da allon kwamfuta, ya jawo kujera kusa da tasa, ya ce in zo in duba masa kawai. Na ce ina da akwatuna. Ya ce akwatunan ba za su gudu ba.

Na zauna. A kan allo na gani nan take: ƙashi yana da ɗan sheƙi kamar an shafa masa mai, dutse ba shi da shi. Na ce ya bi ta hagu. Na ce ya kwantar da allurar. Sau ɗaya na daka masa tsawa, "Tsaya!" har mai shara ta leƙo. Ya tsaya. Ƙashi ne a ƙarƙashin.

Kafin la'asar ƙasusuwa guda uku suka fito, ƙanana, a jere, kowanne ya zauna a kan ɗan'uwansa. Akwai alamar na huɗu. Dogo ya tashi zai kira Farfesa, na ce ya bari tukuna mu gama kallo.

Ba ni na fito da su ba, kada in ruɗi kaina. Hannuna yana kan cinyata yana rawarsa tun safe, sai da muka tashi na tuna da shi.

Dogo ya tambaya ko gobe ƙarfe takwas ya yi mini. Na ce zan gani. Na ce kuma ya wasa allurar nan tasa, ta dakushe kamar ƙusa.