Kundin Waɗanda Suka Rabu

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Ajimi Grema, mazaunin Diffa, na rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba wanda ya tilasta ni. Likita ya gaya mini gaskiyar halin da ƙodata take ciki, na gode masa. Zuwa gare ku ƴaƴana, Tahir da Hasna da Abdullatif.

Na ɗaya. Gida da gonar tattasai ta bakin Komadugu, da injin ban ruwa, a raba su yadda shari'a ta ce, a gaban liman. Roƙona kawai, kada a sayar da gonar ga bare. Mahaifiyarku Kubra ta fi shekara talatin tana shanya tattasai a wurin. Tun rasuwarta ban taka can ba sai sau biyu.

Na biyu. Ordinatar, wato kwamfutar da ke zaure, da kle biyu na ajiyar bayananta da ke cikin gwangwanin shayi, da littattafai goma sha huɗu masu baƙin bango, ba gado ba ne. Amanar mutane ce. Kun san da na bar aikin biro, wato ofis, na ci gaba da rubuta sunayen waɗanda rikici ya tarwatsa daga Bosso da tsibiran tafki, domin wanda ya rasa nasa ya zo ya tambaya. Mutum dubu huɗu da ƴan kai ne a ciki. Kada a ba kowa kundin ɗungurungum, ko wane ne shi. Wanda ya zo cigiya, a duba masa, sannan a tambayi wanda aka samu ko yana so a haɗa su.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Kundin yana cikin tsarin da ake kira XML. A wannan tsari hanya biyu ce ta ajiye bayani. Akwai atiribi, wato ɗan bayanin da ake maƙalawa a jikin suna. Abu ɗaya tak yake ɗauka, in za ka sa sabo sai ka goge tsoho. Akwai kuma eleman, wanda yake da gurbinsa na kansa, ana iya maimaita shi sau goma, a sa wasu bayanai a cikinsa. Da na fara, sai na sa garin mutum a atiribi, don ya fi saurin bugawa, ga layin mutane a ƙofa.

Abdullatif, kana hutun makaranta a lokacin. Ka leƙa allon, ka ce mini a gaban mutane: "Baba, waɗannan ba su zauna wuri guda ba tukuna. In ka goge garinsu na farko, da me danginsu za su neme su?" Na ji kunya, na mayar da ita faɗa. Na ce tun ba a haife ka ba nake buga takarda. Ka tashi ka fita. Daga nan gaisuwarka ta koma zuwa ta bakin Hasna, daga salla sai salla.

Ga abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Akwai wata tsohuwa, Yagana, mutuniyar Bosso. Da ta gudu ta zauna Toumour, na goge Bosso na sa Toumour. Da aka sake tashinsu ta dawo gefen Diffa, na goge Toumour na sa Diffa. Wata Laraba da hantsi wani mutum ya shigo zaure, sunansa Mujahid, mai bandar kifi ne a da, ya ƙetaro daga Najeriya yana neman mahaifiyarsa, Yagana ta Bosso. Na buga Bosso, Yagana goma sha ɗaya suka fito. Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya bar mini lambar waya, ya tafi.

Bayan wata takwas maƙwabciyar tsohuwar ta zo ta ce a rubuta ta rasu. Cikin magana ta ce har ranar ƙarshe tana ambaton ɗanta Mujahid mai kifi. Na buɗe littafin farko, na ga Bosso da rubutun hannuna. Ranar da ya zauna a kan tabarmata, tsakaninsa da uwarsa bai kai tafiyar sa'a guda a ƙasa ba. Na kira lambar, ba ta shiga. Shekara uku ke nan ina gwadawa kowace Juma'a bayan an sauko.

Na huɗu. Tun ranar nake sake tsara kundin ni kaɗai, kuma ga ƙa'idar da na tsaya a kai, kada a canza ta. Lambar rajista, da ranar da aka ɗauki bayani, da yaren da aka yi hira da shi, su zauna a atiribi, don ba su da na biyu. Amma gari eleman ne, kowane gari da mutum ya zauna a rubuta shi daban da shekararsa, a jere, ba a goge ko ɗaya. Suna ma eleman ne, domin mace tana da sunan yanka, da wanda ƴaƴanta ke kiranta, da wanda ta bayar a wurin rabon abinci. Haka ƴaƴa, haka duk kalmar da mutum ya faɗa da bakinsa. In kun yi shakka, ku sa a eleman. Saura mutum dubu da ɗari uku ban gyara ba, idona ya ƙi. Tsofaffin garuruwansu suna cikin littattafan.

Na biyar. Abdullatif, kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure, kuma girman kai ya hana ni kiranka. Sau da yawa na ɗauki waya na ajiye. Ka yafe mini. Ina roƙonka ka ƙarasa aikin, ba don ni ba. In Allah ya sa ka samu Mujahid, ka gaya masa abin da ya faru ba tare da ka rage laifina ba, ka kai shi kabarin mahaifiyarsa. Liman ya san wurin.

Na shida. Tahir, kai ne babba. Na san ka ɗauki ɓangarena ka daina kula ƙaninka. Ka ga yanzu a kan me ka tsaya. Kai za ka fara kiransa, kada ka jira ranar jana'iza. Hasna, kin gaji da kai saƙo tsakanin maza uku masu taurin kai, na sauke miki wannan kaya. Zannuwan mahaifiyarku suna cikin akwati yadda ta ninke su, ban iya buɗewa ba. Ku buɗe tare.

Gidan nan ya yi mini girma. Da la'asar nakan kai tabarma ƙofa, in ga masu dawowa daga gona, wasu su gaishe ni, wasu ba su san ni ba. Ba ƙorafi nake ba, Yamai da Damagaram da Agadas ba kusa ba ne, kuma neman abinci ya kai ku. Amma na ga abin da rabuwa take yi wa waɗanda aka raba da bindiga. Ku ba wanda ya kore ku. Ku haɗu ko sau ɗaya a shekara, ƴaƴanku su san fuskokin juna.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanyoyinku, ya ba ku masu jin ƙanku. Na yafe muku duniya da lahira. Ku binne ni kusa da Kubra, ku ukun ku tsaya a sahu ɗaya.

Mahaifinku,
Ajimi Grema