Kule da Gishirin Zaman Makoki

Katwe, bakin tafki

Zuwa ga ƙanena Thembo,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a Mombasa, ya kuma tsare maka bayanka daga nauyin kayan jiragen ruwa. Mu nan lafiya lau. Rani ya yi kyau, gishiri ya kama sosai a ramuka, 'yata Biira ta sauka lafiya an sami mace, ciwon ƙafar maigidana kuma ya yi sauƙi.

Na ji Kule, ɗan riƙon Kawu Mbusa, ya aiko maka da saƙo yana roƙon ka ba shi riƙon ramin gishirin da ka gada wurin mahaifiyarmu. Na san ya cika ka da daɗin baki, don tun yana yaro abin da ya iya ke nan. To, ga abin da bai faɗa maka ba.

Ka bar mu muna ɗaukar gishiri zuwa Kasindi a ƙasar Kwango ta duk hanyar da ƙafa ta ga dama, mu dawo da manja da wake. Bara sai Turawan Ingila da na Kwango, waɗanda da ba sa ga maciji, suka gano ashe akwai abin da zai haɗa su, wato kanmu. Suka shirya cewa gishiri ba zai ƙetare ba sai ta mashigi ɗaya a Mpondwe. A aza a sikeli a wannan gaɓa, a buga hatimi, a haye kogi a sake azawa a sikelin wancan, kamar gishirin zai haihu a tsakiyar ruwa. Wanda ya tsere wa ɗaya, ɗayan ya kamo masa. Da suka nemi tafinta, Kule ya riga kowa zuwa. Aka ba shi wandon kaki da jar dara wadda ta fi kansa girma, daga ranar ya daina gaishe mu da harshenmu, sai Swahilin bariki, shi ma a karkace.

Ana nan sai Inna Nziabake, 'yar'uwar mahaifiyarmu, ta rasu a Kasindi. Kawu Mbusa, da tsufansa, ya ce ba mai ɗaukar masa gishirin makokin ƙanwarsa. Ya naɗe jan gishiri mai kyau a ganyen ayaba, ya aza a ka, na bi shi da rogo. Muka isa mashigin da hantsi, muka tarar da layi har gindin dutse, Turawan biyu kuwa suna ƙarƙashin rumfa suna cin kifi tare, suna dariya. Kawu ya hango Kule ya yi murna, don ka san shi ya riƙe shi tun mutuwar ubansa, da gishirin nan ya ciyar da shi har ya zama mutum. Ya matsa ya gaya masa gawa ce ke jiransa, wannan kuma ba na sayarwa ba ne.

Kule ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaga murya yadda Turawan za su ji, ya ce doka ba ta san makoki ba, tsoho ya koma layi. Da Kawu ya kama hannun rigarsa, sai Kule ya juya ya gaya wa Baturen Kwango cewa wannan mutum ya nemi ya ba shi toshiya. Baturen, ba tare da ya ajiye cokali ba, ya yi nuni da kogi. Kule da hannunsa ya kwance ganyen ya zazzage gishirin cikin kogin Lhubiriha. Ina tsaye ina gani. Suka tsare Kawu a rana har la'asar don ya zama darasi, kafin mu isa an riga an rufe Inna. Ya shiga gidan makoki hannu wofi, a gaban surukai. Tun daga ranar bai ƙara shiga ramin gishiri ba, yakan zauna ne bakin ƙofa yana kallon tafki.

Sakamakon da Kule ya samu kuwa, Turawan sun ƙara shiri da juna, suka ga tafinta ɗaya ya ishe su, suka riƙe na Kwango suka sallame shi. Har darar suka karɓe. Ya dawo Katwe kai ba hula, yana cewa wai shi ya ajiye aikin don kishin dangi. Makon jiya ya tafi gaida Kawu da tulun giyar ayaba, ya durƙusa yana kiransa Baba. Kawu ya dube shi daga inda yake zaune ya ce, "Malam tafinta, an buga wa tulun nan hatimi? In ba a buga ba, ka san inda ake zubarwa." Matan unguwa suka yi ta dariya har ya ɗauki abinsa ya fita.

Rami naka ne, Thembo, ba zan hana ka ikonka ba. Amma ƙafafun da suka saba da takalmin bariki ba za su jure cizon ruwan gishiri ba, sayarwa zai yi wa Ba'indiye kafin damina. Ni dai muddin ina numfashi ba zan tsaya kusa da shi cikin ruwan da uwarmu ta tsufa a ciki ba. In kana neman mai riƙo, ga mijin Biira nan, fatarsa duk ta tsage saboda aikin ramukan mutane.

Ka gaishe mini da matarka Ithungu da yara, musamman Kyakimwa mai sunan kakarmu. Maigidana da Biira suna gaishe ku. Kawu ya ce in gaya maka ka zo ya gan ka tun yana iya gane fuska.

Yayarka mai ƙaunarka,
Kabugho