Surukina Ya Farfaɗo da Harshen da Ya Hana Ni Yi

Goggo Fung,

Surukina ya dawo daga asibiti makon jiya, kuma tun da ya farfaɗo ba ya magana sai da harshen Kanton. Duk gidan ni kaɗai nake jin abin da yake faɗa. Ki taimake ni da shawara, don abin da yake faɗan ya fi ƙarfina, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Ni 'yar tsohuwar unguwa ce, ta wajen kasuwar Tiretta. Mu mutanen Kanton ne, 'yan asalin ƙasar Sin, mahaifina kafinta, kakana ma kafinta. Na auri ɗan majema daga mutanen Hakka, su ma 'yan asalin Sin amma harshensu daban, a unguwar Tangra fiye da shekara ashirin da suka wuce, lokacin da irin wannan aure abin magana ne a nan Kolkata. Ranar da aka kai ni, na durƙusa na miƙa wa surukina shayi, na gaishe shi da harshenmu kamar yadda aka koya mini a gida. Bai karɓi kofin ba. Ya dubi ɗansa ya ce da Hindi, don in ji da kyau, “Gaya wa 'yar katakon nan, a gidana Hakka ake yi. In ba ta iya ba, ta yi shiru har ta iya.” Na yi shiru har na iya.

Ba sau ɗaya ba ne. Da na haifi 'yata Lai-ping, wata rana ina rarrashinta da waƙar da mahaifiyata take yi mana, ya buga tsinken cin abincinsa a kan tebur har miya ta zube. Daga ranar ban ƙara ba. Lai-ping ta girma ba ta jin ko gaisuwa da harshena. Har mahaifiyata ta rasu, da Hindi suke hira da jikarta, kamar mai saye da mai sayarwa. Shi kuwa Baba, surukin nawa, dattijo ne a ƙungiyar Hakka. Kowace sabuwar shekara shi ake ba jawabi, kuma jawabin ɗaya ne: wanda ya bar harshen ubansa ya bar gidan ubansa. Yana faɗa yana kallon inda nake zaune.

To, watan jiya ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce mai yiwuwa magana ba za ta dawo ba. Ina ba shi kunun shinkafa a asibiti, sai ya kau da kai ya ce, “Yaya, ya yi zafi.” Da harshen Kanton. Kuma ba Kanton na birni da ake ji a talabijin ba, na ƙauye ne, irin na kakata, wanda ko ni na daɗe ban ji a bakin mai rai ba. Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na leƙa ƙofa ko wani ne ya shigo, ba kowa. Na tsaya ina kallon bakin nan da ya hana ni wannan harshe rabin rayuwata.

Maigidana ya ɗauka sambatu ne na mai ciwo. Yayarsa Sui-yin, wadda ta taso daga Toronto, ita ce ta lura ina amsa masa. Ta ce, “Ke, me yake cewa?” Na ce ruwa yake so. Tun daga nan, duk abin da ya faɗa, ruwa yake so.

Ga abin da yake faɗa, kullum iri ɗaya. Ya ce sunansa A-Wing, ba sunan da muka sani ba. Ya ce ubansa kafinta ne a tashar jiragen ruwa, ya mutu. Ya ce innarsa ta riƙe masa hannu ta kai shi wani gida mai warin fata, ta saya masa rake a hanya, ta ce kada ya kuskura ya buɗe baki da harshensu a can, in ba haka ba za a dawo da shi, kuma babu abinci a gida. Ya ce tana kwance a maƙabartar mutanen Kanton, jikin katanga, gindin mangwaro. Sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Yaya, kada su kai ni wurin jan rubutu. Ki kai ni wurin Inna.”

Kin san jan rubutun. Da surukata ta rasu, dutse ɗaya aka sassaƙa musu su biyu a maƙabartar Hakka. Sunansa yana nan kusa da nata, an shafa masa jan fenti tun da yana raye, ga sunan gundumar Moiyan, tushen mutanen Hakka, a sama. Shi da kansa ya zaɓi dutsen.

Da abin ya ishe ni, na gaya wa maigidana gaskiya a gaban yayarsa. Bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya ce, “Maman Lai-ping, kin daɗe kina jiran irin wannan rana, ko?” Yaya Sui-yin ta yi dariya ta ce, “Ashe mu ma 'ya'yan katako ne. Sai ki aiko mana da zarto mu fara aiki.” Na ce to a kira wani daga tsohuwar unguwa ya saurara. Suka ce kafin masu sayar da miyar safe su kwashe tukwanensu, duk gari ya ji. Yanzu maigidana yana kunna masa tsofaffin waƙoƙin Hakka a kusa da kunne wai ko harshen zai dawo. In ya yi masa magana, Baba yana ganewa, ina gani a idonsa. Amsar ce take fitowa da harshen da ɗansa ba ya ji.

Ba zan ɓoye miki ba, Goggo, akwai ranar da nake ji kamar in yi kunnen uwar shegu da shi, ya ɗanɗana shirun da ya ɗora mini. Sai ya ce “Yaya” da muryar yaro, jikina ya yi sanyi. Na kasa haɗa mutumin da ya buga tebur da wannan da yake tambaya ko innarsa ta dawo.

Na roƙi kawuna ya leƙa maƙabartarmu a asirce. Ya ce akwai mangwaro jikin katanga, akwai wani kabari a gindinsa da aka daɗe ba a kula da shi ba. Gansakuka ta rufe rubutun, shi kuma bai taɓa ba tun da ba namu ba ne.

In ci gaba da cewa ruwa yake so har ya mutu, a kai shi wurin jan rubutu, gida ya zauna lafiya? Ko in tsaya a kan abin da na ji, ko da aurena zai girgiza?

Surukar Gidan Majema, Tangra

*

'Yata,

Na karanta takardarki, na ajiye, na sake ɗauka. Na yi shekaru ina gyara sanarwar rasuwa a jarida, na san gidajen unguwannin nan biyu fiye da yadda suke so in sani, amma wannan ta girgiza ni. Bari mu raba abin da aka sani da wanda ba a sani ba, don gidanku ya cakuɗa su.

An san cewa mai harsuna da yawa, in irin wannan ciwo ya kama shi, yakan rasa wasu ya riƙe ɗaya. Likitoci sun daɗe da rubuta wannan. An san kuma surukinki ya iya Kanton na ƙauye, kuma ya ɓoye. Ba a koyon wannan a gadon asibiti. Abin da ba a sani ba shi ne ko labarin A-Wing labarinsa ne daidai yadda yake faɗa. Harshen da ya rage ba lallai ne ya zama na farko ba, kuma ƙwaƙwalwar da ta ji rauni takan haɗa abin da ta gani da abin da ta ji. Sai dai ba da ɗa namiji ga gidan da ba su da magaji abu ne da aka yi a shekarun yunwa, a ɓangarorin biyu, kuma ba a cika faɗa ba. Labarin bai yi kama da ƙirƙira ba. Amma kama da gaskiya daban, tabbaci daban.

Abin da maigidanki ya faɗa miki zalunci ne, kuma in ƙura ta lafa ya kamata ya ba ki haƙuri. Duk da haka ki duba inda yake tsaye. A wata ɗaya ya rasa muryar ubansa, ana kuma gaya masa asalinsa ba inda ya sani ba ne, kuma mai kawo labarin ita ce wadda uban ya fi ɓata wa. Ba za ki iya zama tafinta ki zama shaida a lokaci ɗaya ba. Ki sauke ɗaya.

Ga yadda za a yi. Kin ce Baba yana gane Hakka, amsa ce ba ya iya bayarwa da ita. To maigidanki ya zauna gabansa da safe, lokacin da hankalinsa ya fi kwanciya, ya yi masa tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, ke ba kya ɗakin. Sunanka A-Wing? Kana so a kai ka kusa da Mama, wurin jan rubutu? Ya gyaɗa kai ko ya girgiza, ba a buƙatar tafinta. A maimaita a ranaku daban-daban a ga ko amsar tana canzawa. In Sui-yin tana son kunne na biyu, ta zaɓi mai jin Kanton a can Toronto wanda bai san gidanku ba, ya saurara ta waya. Ita za ta zaɓa, ba ke ba. Kuma dole likitan da yake koya masa magana ya san da wane harshe yake magana. Wannan batun jinya ne, ba na asali ba, kuma waƙa a kunne ba za ta maye gurbinsa ba.

Zancen ruwa kuwa ki daina daga yau. Wata rana zai ce ƙirjinsa na ciwo, su kuma sun saba ji daga bakinki cewa ruwa yake so.

Ki gaya wa maigidanki wannan daga gare ni. A al'adarmu, ta Hakka da ta Kanton duka, ɗan da aka karɓa ɗa ne. Wanda ya ƙona wa iyayen gida turare shekara saba'in, ya binne su, ya ɗauki sunansu, babu dattijon ƙungiyar da zai iya goge sunansa daga dutse. Jan rubutun nasa ne ko da labarin ya tabbata. Za a yi gulma, ba na musu. Amma mu nawa muka rage a garin nan? Makarantunmu sun zama kango, jikokinmu Turanci da Hindi suke yi, waɗanda suka koyi Sinanci kuwa Mandarin suka koya, wanda ba na kakan kowa ba ne a cikinmu. Ba mu da yawan da za mu ci gaba da tantance ɗan fata da ɗan katako.

Batun inda za a kwantar da shi, kada ku haƙa kabarin mai rai. In amsarsa ta tsaya a wuri ɗaya, 'ya'yansa ne za su yanke, kuma akwai hanyoyi tsakanin nan da can. Na san gidan da suka ɗebo ƙasa daga kabarin uwa suka sa a na ɗa. Shi ma a tambaye shi ko hakan zai ishe shi, tun yana iya gyaɗa kai.

Fushinki halal ne. Mai yiwuwa mutumin da ya buga tebur yaro ne da aka taɓa ce wa ya rufe baki ko ya kwana da yunwa, kuma waƙarki ta taɓa masa inda bai so a taɓa ba. Wannan bayani ne, ba biyan abin da ya raba 'yarki da kakarta ba ne. Ba sai kin yafe a wannan makon ba. Amma ki kawo Lai-ping ta zauna kusa da gadonsa, ki riƙa gaya mata abin da yake cewa kalma-kalma. Tsohon da ya hana ta harshen, yanzu shi ne mutum na ƙarshe a gidan da zai iya taya ki koya mata.

Lokacin sharar kaburbura da muke yi kowace shekara ya kusa. Bayan kun gama da na surukarki, ki ce wa maigidanki ya raka ki maƙabartar unguwarku da bokiti da buroshi. Ba a taɓa tuhumar kowa don ya wanke kabarin da ba shi da mai wankewa ba. Ki bar shi ya goge da hannunsa. A kan duwatsunmu akan rubuta sunayen 'ya'yan mamaci a gefe, wani lokaci kuma ba a rubutawa, don haka ku je da shirin samun amsa da shirin rasa ta.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki haƙurin da ba na shiru ba. Ki riƙe wannan kafin ranar: zuwa yanzu babu wanda ya karanta abin da ke kan dutsen nan na gindin mangwaro.

Goggo Fung