Sabon Allon Shagonmu a Trieste

Yaya Frane,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya gwiwar Inna?

Ga babban labari: na sauke allon shago na Italiyanci da jama'ar garin nan ke ji, na kafa na harshenmu na Kuroshiya, yadda ka nace. Wata guda babu mai leƙowa sai kyanwa, ita ma ba karatu ya kawo ta ba. Ka ce wa Inna ina ƙoshi.

Jiya wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, mutumin ƙasarmu, ya tsaya yana bin haruffan da yatsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, shekara ashirin ina sayen man zaitun ɗinmu da harshen wasu." Ya kwashi ganga goma, yau ya dawo da abokansa.

A ƙaro mai. Allah ya tsare ku.

Na ce allon nan zai rufe mana shago. Ashe ni ne ban iya karatu ba.

Ƙaninka,
Vicko