Cokalin da ke Ƙarƙashin Rediyo

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ma da sauƙi, sai dai gwiwa da ta ƙi jin magana. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na ji abin da ya hana ki zuwa. Kin ce wani sashe na manhajar kwamfutar ofishinku ya tsaya, wanda kuke kira baƙin sihiri. A zamaninmu in an ambaci wannan sai a nemi tsari, don asiri ne da ake yi a ɓoye a cuci mutum ko a raba shi da nasa. Na gane ku ba haka kuke nufi ba. Aiki ne da ke tafiya daidai ba wanda ya san dalili, wanda ya rubuta shi kuma ya tafi bai yi wa kowa bayani ba. Na yi dariya har da tari, don ni ma ina da irinsa a ɗaki.

Kin tuna rediyon mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta? Ba ya magana sai ta cusa masa cokali a ƙarƙashi. Kullum ina yi mata tsiya, ban taɓa cewa ta koya mini ba. Tun rasuwarta ban taɓa cokalin ba, rediyon kuma shi ne abokin hirata. Jiya ina goge tebur hannuna ya ture cokalin. Na mayar da shi ta kowace fuska, rediyon ko tari bai yi ba. Ɗakin ya yi mini faɗi.

Wannan ya sa na zauna tunani. An sare bishiyar da muke gane kabarinta da ita, an yi sabbin layukan kaburbura. Ni ma ba zan iya kwatanta wurin da baki ba, ƙafafuna ne kawai suka san hanya. Su kuma kin ji halin da suke ciki.

Ba na so in yi miki irin ta mutumin ofishinku. Ki zo, Auta, ki riƙe hannuna in kai ki tun ina iya takawa.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Mai kewarki,
Babanki