Doyar Bulus

Kafanchan, Alhamis da dare, Oktoba 1999

Bulus ya aiko mana da doya daga gonarsa. Matata Saratu tana ferewa ta ce, "Baban Ladi, ba aiki ɗaya kuke yi ba? Ina yake samun lokacin noma?"

Aiki ɗaya ne kam. Furogiram ɗin kwamfuta na ajiye bayanai na kyautar nan muke riƙe da shi, shi a asibiti, ni a ofishin 'yan citta. Amma shi yana kan tsohon samfuri, wanda masu shi suka ce za su daɗe suna gyara masa kurakurai. Ogana kuwa, duk faifan sabon samfurin da ya gani a Kaduna sai ya ce a sa. Yau ma sunayen manoma suka ƙi buɗewa, har duhu ina fama. Bulus kuwa tun la'asar ya hau babur ya tafi gona.

Doyar ta yi daɗi, abin haushin ke nan. Da muke addu'ar kwanciya na sa masa albarka da baki, a zuci kuwa roƙo nake furogiram ɗinsa ya tsaya, ko sau ɗaya. Saratu ta ce amin da ƙarfi.