Keken da Yaron Nan Ya Aiko

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Keken ya iso. Motar Kano ce ta sauke shi a tasha cikin kwali. Yaron nan ne ya aiko daga Legas, bayan ƙanwarsa Bahijja ta tsegunta masa cewa sukarina ya hau, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Nasa ne da yake hawa, wai na hanyar burji. Na ɗaure ciki zan ɗaga, saura kaɗan in faɗi ta baya don rashin nauyi. Ba ƙarfe ba ne, wai kabon. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba kariyar ɗora kaya, ba ƙararrawa. Na yi shekara da shekaru ina malamin gona a kan keken ƙarfe, ban taɓa ganin keken da ba zai ɗauki ko buhun iri ba.

Na kira Bahijja a gidanta can Ɓaɓura, na ce ta gaya masa ya iso.

Talata, 8 ga Yuli

Na hau bayan asuba, na bi hanyar Roni. Gaskiya yana gudu. Amma da na danna feda a hawan dutse sai kaca ta yi tsalle, ƙafata ta zame. Kuma akwai wata ƙara a ƙasa, ƙi-ƙi-ƙi, kamar tsohon gado. Na dawo gida ba wanda zan ba labari.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bahijja ta ce, "Baba, Yaya ya ce in tambaya ko giyar tana shiga." Na yi mata bayani, ta kai masa, ta dawo da wani abu daban. Ita ba ta san kaca ba, ba ta san feda ba. Daga ƙarshe ta ce, "Don Allah Baba ku yi magana da kanku mana."

Da sauƙi a bakinta. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Haka mahaifina ya yi min, haka muka tashi a 'Yankwashi. Idan ya zo gaishe ni sai in kalli bango in ce lafiya lau. Uwarsa Shatu ma haka take da shi, sai da ya tafi Legas ta karya nata. Na yi mata faɗa a kai. Amma duk ran da ya kira ta, nakan sa kujera kusa da tagarta in yi kamar ina gyaran rediyo. Tun da ta rasu ban ƙara jin muryarsa ta wuce gaisuwar sallah ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na kai wa Daudu mai gyaran keke. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Malam, wannan ai roba ce." Ya kwarara wa kacar baƙin mai, ya ɗauki guduma ya ɗan bubbuga abin canza giyar don ya miƙe. Har cewa ya yi in jikin ya tsage a kai wa mai walda. Na yarda da shi, don duk kekunana shi ya riƙe su.

Alhamis, 17 ga Yuli

Abin ya ƙara lalacewa. Yashi ya manne wa man nan, kaca tana nuƙa kamar injin markaɗe. Bayan na wuce dam ta zame ta maƙale tsakanin haƙora da jikin keken, ta kankare fenti. Na turo shi da ƙafa har gida, hannu baƙi ƙirin, masu babur suna yi min sannu.

Laraba, 23 ga Yuli

Ya kira. Lambata, kai tsaye. Na bar ta tana ƙara har ta kusa yankewa.

"Baba, ku yi haƙuri, maganar keken ce kawai." Na ce to. Ya ce in wanke kacar da kananzir, kada a ƙara zuba baƙin mai. Ya ce kabon ba ya walduwa, wuta ƙona shi za ta yi. Da na faɗa masa zancen guduma sai ya yi salati, sannan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta ba da haƙuri. Dariyar Shatu ce sak. Ban san haka ba.

Da ya ajiye na daɗe a zaune da wayar a hannu.

Litinin, 28 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban fita ba. Tuwon da 'yar aiki ta ajiye ya huce a rufe.

Asabar, 2 ga Agusta

Ni na kira yau. Maganar keke ce, ba laifi a ciki. Ya ce in kara wayar a wajen feda in juya ya ji ƙarar. Na durƙusa a tsakar gida ina juya feda da hannu, shi yana saurare daga Legas. Wai laifin daga masu ƙera shi ne: ramin da boris ɗin feda ke zama bai zagaye daidai ba, shi ya sa yake motsi yana kuka. Ya ce shi ma ya sha fama da shi, bai so ya faɗa ba don kada in ce ya aiko min da ragowa. Na ce keke mai tsadar saniya, a ce rami ya gagare su? Ya ce, "Wallahi Baba haka suke yi."

Zai aiko da wani boris mai ɗauri, da sabon ɗan ƙarfe a madadin wanda Daudu ya lanƙwasa da guduma, da kaca. Kafin mu rabu ya tambayi sukarin. Na ce da sauƙi, na yi sauri na koma kan kaca.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na kira in tambaya ko iska nawa ake ba tayar. Na san amsar, a jikin tayar take rubuce.

Talata, 12 ga Agusta

Kayan sun zo. Na kira Daudu gida, na ce ya bar gudumarsa a rumfa. Muka jingina wayar a kan turmi, yaron nan yana kallo ta bidiyo yana cewa a ɗaure a hankali, kada a matse da ƙarfi. Daudu ya yi ta gunaguni, wai bai taɓa ganin keken da ake lallashi ba. Ni ban kalli wayar sosai ba. Sau ɗaya dai na ɗaga ido. Furfura ta fara fito masa a gemu. Yaushe?

Juma'a, 15 ga Agusta

Na je har kusa da Gwiwa na dawo. Ba ƙara, ba tsalle, giya tana shiga kamar an shafa mata man shanu. Ya kamata in yi murna. Na tura wa Bahijja saƙo ta ce masa ya gyaru, an gode.

Laraba, 20 ga Agusta

Waya shiru. Ai ba abin da zai kira ya tambaya. Kewa ce take damuna, in ban faɗa a nan ba a ina zan faɗa.

Bayan la'asar na ɗauko spana na tsuguna gaban keken. Ƙusa ɗaya zan sassauta, ƙarar ta dawo. Na ɗora spanar a kai. Sai na ga kaina, dattijo da ni, zan ɓata abin da ɗana ya gyara don in sami bakin magana. Na mayar da ita cikin gwangwani.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya a hanyar Gwiwa in huta. Ban shirya ba, na dai ga na danna lambarsa.

"Baba, me ya lalace kuma?" Na ce ba abin da ya lalace.  Sai na ce gero ya fara fitar da kai a nan. Ya ce wane iri suka shuka bana? Na gaya masa. Ya tambayi gonar gado ta 'Yankwashi, ya tambayi mangwaron da uwarsa ta dasa. Muka yi ta yi har wayar ta yi zafi a kunnena. Ba a ambaci kaca ba.

Keken lafiya lau. Sukari ma ya sauka kaɗan. Lawal ya ce zai zo lokacin kaka mu hau tare, zai aro na Daudu.

Na ga abin da na rubuta, sunansa ne. Da biro ne, ba ya goguwa. A bar shi.